Gajiyar Iklima

Salamatu mutuniyar Tahoua ce, aure ne ya kawo ta Yamai. Mijinta Illo yana tuƙa taksi, ita kuma tana sayar da yaji da daddawa a kasuwar Petit Marché. A unguwarsu ta Talladjé kowa ya san halinta: abin da rediyo ta faɗa ya zauna. Ko hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ba ta kwashe shanya sai ta ji an ce za a yi ruwa.

Shekarar korona, autarta Iklima ta yi zazzaɓi da tari. Zazzaɓin ya tafi, gajiya ta zauna. Yarinyar da a da sai an yi da gaske take zama wuri ɗaya, yanzu ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai ta tsaya ta huta. A lakkol, wato makaranta, mushe malaminsu ya ce lalaci ne. Maƙwabta suka ce shagwaɓar auta ce. A gidan likita aka auna jininta ba a ga komai ba, aka ce a ba ta abinci sosai.

Wata rana wani ɗan jarida mai suna Faisal ya shiga taksin Illo, hira ta yi hira har ta kai ga Iklima. Washegari sai ga shi a gidan da kamara. Ya tarar da yarinyar a zaune tana cin ƙosai.

"Hajiya, da za ta ɗan kwanta, da ya fi," in ji shi. "A ɗauke ƙosan kuma."

Aka nuna ta a tele, aka ce wata sabuwar cuta na cinye yaran Yamai. Rediyo ta ɗauka, salula ta watsa. Salamatu ta ji da kunnenta cewa irin waɗannan yara ba sa tashi, ta fashe da kuka, Iklima na gefenta tana tambayar yaushe za a sauke tuwo. Maƙwabtan da suka ce shagwaɓa ce suka zo sannu, amma daga bakin ƙofa, suka kuma hana ƴaƴansu shigowa. A kasuwa masu saye sukan yi mata jaje da tausayi, sannan su sayi yaji a teburin gaba.

Ana haka wata likitar yara, Dakta Rukayya, mai bincike kan yaran da gajiya ta daɗe musu bayan korona, ta nemi gidan. Ta yi watanni tana duba Iklima tare da wasu yaran. Daga ƙarshe ta zaunar da Salamatu.

"Hajiya, ciwon na gaske ne, ba lalaci ba ne. Amma yawancin yara suna warwarewa a hankali. Kaɗan ne yake daɗe musu, kuma yawan kaɗan ɗin nan, mu kanmu ba mu tabbatar ba tukuna."

Salamatu ta kira Faisal da murna don ya zo ya ɗauki wannan ma. Ya saurara cikin ladabi.

"Hajiya, wa zai kunna tele don ya ji ba a tabbatar ba? In jikin ya ƙara tsanani, Allah ya kiyaye, ki kira ni."

Sai ta kai wa maƙwabta maganar da bakinta. Suka ɗauki rabin da ya yi musu. "Ashe ba wani abu ba ne. Ai mun faɗa tun farko."

Iklima ta murmure ba tare da kowa ya lura da ranar ba. Ta koma lakkol rabin yini, daga baya yini guda, ko da yake har yanzu akwai ranakun da jiki ke mata nauyi.

Gidan telen kuwa bai yar da hoton ba. Duk lokacin da aka yi labarin ƙyanda ko sanƙarau, ita ake nunawa kwance kan tabarma.

"Inna, zo ki gani," takan ce, tana guga kayan makarantarta. "Yau kuma sanƙarau nake yi."

"Rufe min baki, ja'ira," in ji Salamatu, ta yi mata addu'a ta tofa mata a ka.