Ciwon Marar da Na Ɓoye wa Likitoci Uku

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da fita daga cikin Sakkwato ba, na samu aikin buga tafireta a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. Ni 'yar Argungu ce. Mahaifina manomin shinkafa ne, kuma malami, yana karantar da magidanta littattafai a zauren gidanmu bayan La'asar. Da aka ɗauke ni aiki, shi da kansa ya kai ni unguwar Badariya wajen ƙanwarsa, gwaggona, ya ce in zauna a hannunta.

A lokacin ma'aikatun ba su gama zama ba. Ofishinmu wani tsohon gida ne da aka yayyanka da katako, mu tara a ciki, ni kaɗai ce mace. Duk takardar da za ta fita sai ta bi ta hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin kaina ƙwarai.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk wata akwai kwana uku da ba na iya amfana wa kowa komai. Tun da na fara al'ada nake ciwon mara, amma da na haura shekara ashirin sai abin ya canza kama. Ciwon yakan fara tun kafin jini ya zo, ya riƙe mini ƙugu, ya sauka har cinyoyi. In ya yi tsanani sai amai. Ko bayan gida zan yi, sai na cusa gefen zanena a baki don kada gwaggo ta ji kukana. Na sha jiƙon kanwa, na sha saƙe-saƙi iri-iri, na gasa marata da kwalbar ruwan zafi har fatar wurin ta yi duhu.

Sau ɗaya na gwada faɗa wa mahaifiyata. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke ɗai ta mace a duniya?" ta ce. "Kowa haka ta yi. In kin yi aure kin haihu shi wuce. Kuma kar in ji wagga magana a bakinki gaban mutane."

Ba mugunta ba ce, haka ita ma aka faɗa mata. Daga ranar na rufe bakina.

A ofis kuwa sai na ƙirƙiro masassara. Duk wata in aika cewa masassara ta kama ni. Shugabana, wani dattijo mai sanyin hali, ya yi ta haƙuri har ya gaji. Wata rana ya ce, "Wagga masassara taki ta san kalanda." Ya rubuta takardar tuhuma, ya nemi in bayyana dalilin yawan fashin aiki. Da yake ba wani mai buga tafireta sai ni, ni na buga takardar tuhumar kaina, kwafi uku, na kai masa ya sa hannu, ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na ce na gode.

Ba wai ban je asibiti ba. Na je sau uku. Amma duk zuwan da na yi namiji nake tararwa a kan kujera, da zarar ya ɗago ya ce me ke damuna sai harshena ya juye. Na farko na ce masa masassara, aka yi mini allurar da ta sa na kwana biyu ina susa. Na biyu na ce ciwon ciki, ya ce gyambon ciki ne, ya ba ni wani farin magani mai kauri, ya hana ni yaji. Wata shida na yi ina cin tuwo lami saboda cutar da na san ba ni da ita. Na uku ya ce taifod. Ba laifinsu ba ne, abin da na faɗa musu shi suka yi wa magani.

Ranar da asirina ya tonu Alhamis ce. Akwai takardun da ake jira, ga tuhuma a kaina, don haka na haɗiyi ƙwayoyin kashe ciwo na hau kabu-kabu na tafi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na miƙe zan kai wa shugabana abin da na buga. Na tuna na yi taku biyu. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a ƙasa, ana yayyafa mini ruwa, maza takwas sun kewaye ni, duk sun kawar da kai gefe. Atamfa mai haske ce a jikina, ta ɓaci har baya. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a bakin ƙofa ita ta shigo ta cire mayafinta ta rufe ni, ta kore su waje.

Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ba tare da na waiwaya ba.

Na ɗauka kunyar ta tsaya nan. Bayan sati guda gwaggo ta dawo daga gidan suna fuskarta a murtuke, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ashe magana ta zaga: budurwa, ga amai, ga rashin lafiyar da ba a san kanta ba, ga jini a ofis. An haɗa an ce ciki na zubar. Na rantse mata, ta ce ta yarda, amma idonta bai yarda duka ba. Kafin wata Juma'ar maganar ta isa Argungu. Saƙo ya zo cewa mahaifina na nemana.

A motar nan, tun daga tasha har muka shiga gari, ina tsara yadda zan kare kaina. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya sallami masu karatu. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Abin da ake hwaɗi, gaskiya na?"

"A'a, Baba."

"Na sani. Ba don shi nik kira ki ba. Ni ina son in ji mi a gaskiyar."

Ta ina zan fara? Mutumin da ko sunan miji ba a ambata a gabansa. Da ya ga ba zan yi magana ba sai ya kira mahaifiyata. Ta tsaya daga bayan labule ta ce, "Ciwon mata na, Malam. Ba wani abu ba na."

"Tun yaushe?"

"Tun tana makaranta."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Shekara talatin ina karantar da mutane hukuncin haila, ɗiyata na hwama cikin gidana ban sani ba."

Ranar Litinin ya bar aikin fadama ya rako ni Birnin Kebbi. Ya riga ya tambaya an kwatanta masa wani likitan mata. Da layi ya zo kanmu muka shiga tare. Likitan ya gaishe shi, ya juyo ya tambaye ni me ke tafe da ni. Wallahi bakina da kansa ya fara, "Ciwon ci..."

Mahaifina ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Likita, ni zan hita. Ke kuma, in kin ce ciwon ciki na, Allah na jin ki."

Ya fita ya ja ƙofa. Wata nas ce ta rage a gefe, ta matso ta dafa kafaɗata. Na kafa idona a kan takalmin likitan, na faɗi komai. Ya yi ta tambaya: yaushe yake farawa, kwana nawa, ina da ina yake kamawa, ko ina jin zafi wajen bayan gida. Ban taɓa zaton akwai mai tambayar irin waɗannan abubuwa da fuska a sake ba, kamar yana tambayar farashin albasa.

Da ya gama duba ni ya ce wannan ba ciwon marar da kowa ke yi ba ne. Yana zargin wata cuta ce da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, duk wata shi ma ya yi jini a inda ba hanyar fita. Ya rubuta mini sunan a takarda, endometiriyosis. Ya ce ba zai iya tabbatarwa ba sai an leƙa cikin, kuma wannan sai Sakkwato. Kafin nan zai ɗora ni a kan magani mu gani. Kuka ya ƙwace mini, ba don tsoro ba, don dai a karon farko wani ya ce abin yana da suna, ba raki ba ne.

Sai ya faɗi maganin. Irin ƙwayar da matan aure ke sha don tazarar haihuwa ce, in sha kullum.

Hawayena suka tsaya cak. Ni, da ake cewa na zubar da ciki, a gan ni a kemis ina sayen wannan? Na ce masa ba zan iya ba, gara in ci gaba da ciwona. Bai yi musu da ni ba, ya sa nas ta kira mahaifina, ya yi masa bayani a gabana. Na so in narke a kan kujerar.

Mahaifina ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko maganin zai hana ni haihuwa nan gaba, likita ya ce a'a. Ya miƙa hannu ya karɓi takardar.

Kemis ɗin yana tsallaken titi, cike da mutane. Mahaifina ya ce in tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ina kallonsa ya tsallaka da rawaninsa, ya bi layi, ya miƙa takardar. Na ga mai kemis ya karanta, ya ɗago ya dube shi, ya sake duban takardar. Mahaifina bai sunkuyar da kai ba. Ya dawo ya ba ni ƙunshin, bai kalle ni ba.

"Duk wata ni ka sayo miki. In wani ya gani ya tambaya, ki ce ya zo Argungu ya tambaye ni."

Haka kuwa aka yi. Kusan shekara biyu, duk ƙarshen wata ƙunshi na zuwa Badariya a cikin buhun shinkafar da yake aiko wa gwaggo. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya sauko inda mutum zai iya rayuwa da shi. Na kai wa shugabana takardar likita, ya karanta, ya sa a fayil, bai ƙara tayar da maganar ba. Masu surutu wasu sun bari, wasu na tabbata har yau abin da suka yarda da shi ke nan. Sai bayan shekaru, da aka yi mini aiki a Sakkwato, aka tabbatar zargin likitan daidai ne.

Yanzu ina iya zama da 'yan mata in faɗa musu cewa ciwon da ke kayar da mutum ƙasa duk wata ba abin jurewa ba ne, su je su faɗa wa likita da sunansa. Ina faɗa ba tare da muryata ta yi rawa ba. Amma akwai kunyar da ba ta sake ni ba, kuma ba ta ranar ofis ba ce. Mahaifina ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan. Na yi masa godiya a kan atamfar Sallah, na yi masa godiya a kan kayan ɗaki. A kan wannan kuwa, sau da yawa na durƙusa a bakin zaurensa da niyyar in ce na gode, sai in ji nauyi, in tambaye shi ya ruwa a fadama. Shi ma sai ya ce ruwa da sauƙi. Har ya koma ga Allah iyakar abin da muka ce ke nan.