Yaya Nas, Wadda Aka Liƙa Hotonta a Bango

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar darasi shugabar makarantarmu ta leƙo aji ta ce, "Malama, ajiye allin nan. Yaya Nas ta rasu." Har yau zuciyata ta ƙi yarda.

Yaya, da safiyar ranar muka sha shayi a ɗakin da kike duba ɗalibai marasa lafiya, kina yi mini tsiyar takalmina da ya wage baki. Da azahar wasu samari suka tare ki da jifa a ƙofar makaranta, dutse ya same ki a ƙeya. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Laifinki kawai, kina tara 'yan mata kina koya musu abin da ya shafi jikinsu. Ina tuna yarinyar da ta fara ganin jini, ta kulle kanta a banɗaki tana kuka, a zatonta mutuwa za ta yi. Kika zauna a ƙasa kina lallashinta har ta buɗe, kika yafa mata mayafinki. Wata ta raɗa miki wanda ke taɓa ta a gida. Ba ki huta ba sai da kika raba ta da shi.

Sai zaɓe ya ƙarato. Mai mulkin garinmu ya duba, famfo ba ruwa, asibiti ba magani, ba shi da abin nunawa. Sai ya ce ana lalata tarbiyyar 'ya'ya mata, kuma shi kaɗai zai kare su. Aka liƙa hotonki a bango, aka yi ta ambatonki a rediyo, wai ke ce mai lalata su. Na roƙe ki ki ɗauki hutu. Kika ce, "Ƙanwata, shi kujera yake nema. Ni kuwa yaran nan, wa zan bar wa su?"

Iyayen da kika yi jinyar 'ya'yansu har da su a masu tafa masa. Jiya kuma, kabarinki ko bushewa bai yi ba, ya ce garin ba lafiya, ya ɗage zaɓen.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da Inna mahaifiyarki, da autarki da ke ta tambayar yaushe za ki dawo daga aiki. Allah Ya ba su dangana, Ya bi miki haƙƙin jininki.