Goran Kaka da Akwatin Famfon Kawu Sale

A gidanmu na Ƙofar Ran ba a samun tatsuniya kyauta. Kakata, wadda ta haifi innata, ƙuli-ƙuli take yi, kuma ta san amfanin hannun jikoki. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta jawo tire cike da gyaɗa ta ajiye a gaban murhun da aka sauke tuwo, ta ce duk mai son labari ya fara ɓara. Wutar ta riga ta kwanta, sai garwashi. Mu zagaye shi, gabanmu da ɗumi, bayanmu da sanyi, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunne tana jefa ɓawo a wuta, yana ƙara yana ba da ɗan haske.

Ni ne na fi kowa jinkiri, domin sai na juya kowace ƙwaya na duba ko ta ruɓe kafin na saka a ƙwarya. Kaka takan harare ni ta ce, "Mijina, in kai zan jira, ƙuli-ƙulin nan sai baɗi." Ba ta buɗe labari irin yadda sauran tsofaffin unguwa suke yi. Sai ta ƙwanƙwasa bakin tiren da yatsa ta ce akwai baƙuwa a zaure, mu kuma mu amsa cewa ta shigo, an yi shara.

A cikin labaranta akwai guda ɗaya da nake so kuma nake tsoro. Wata mata ce mai lambu a gindin dutse, rijiyarta da zurfi, tafin hannunta duk ya tsage da jan guga. Wata rana wata tsohuwa ta zo wucewa ta roƙi ruwa, matar ta ba ta gugan da ta sha wuyar jawowa. Da tsohuwar ta sha, sai ta ciro wani gora daga zaninta, an liƙe bakinsa, a wuyansa akwai 'yan ƙofofi huɗu. Ta ce a ciki akwai 'yan mutane huɗu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na farko yana auna nauyin guga. Na biyu yana buga ɗan ganga, da kiɗansa igiya take sauka take hawa. Na uku ɗan aike ne, yana kai magana tsakaninsu. Na huɗu ba ya aikin komai, yana zaune ne ya naɗe hannu, kuma kalma ɗaya kawai ya iya, wato tsaya. In ya faɗe ta, hannun makaɗin yana tsayawa nan take, ba ya neman izinin kowa. Tsohuwar ta gargaɗe ta cewa ba a fasa goran, ba a ciro ɗaya a bar sauran.

Matar ta rataye goran a bakin rijiya, guga ya riƙa shiga yana fita da kansa, lambu ya yi kore. Sai rani ya yi nisa. Kullum in rana ta take, daidai lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa, sai a ji siririyar murya daga cikin goran ta ce tsaya. Kiɗa ya ɗauke. Matar ta girgiza goran, ta lallashe shi, ta zage shi, har fura ta dama ta ajiye masa. Ta tambayi na huɗun abin da ya gani, amsarsa dai ita ce tsaya.

A nan nake katse Kaka kullum, na tambaye ta me ya sa ba zai yi bayani ba. Sai ta ce, "Kalma ɗaya aka ba shi, mijina. Da kai ma ita aka ba ka, da mun huta." Yara su kwashe da dariya. Ta ci gaba da cewa wata maƙwabciya ta ba matar shawara ta samo kakin zuma ta toshe ƙofa ta huɗu, tunda na cikinta ne mai hana ruwa gudu. Da Kaka ta ɗaga babban yatsanta tana nuna yadda matar ta murza kakin, sai na zabura. Na miƙe, gyaɗa ta zube, na ce tsaya da ƙarfi, na ruga ɗakin innata na toshe kunne. Haka nake yi duk ranar da aka zo wurin nan. Da safe yayyena su gaya mini cewa goran ya fashe, ni kuma na ɗauka ƙarshen labarin ke nan. Daga nan suka laƙaba mini Tsaya, har yau akwai masu kira na da shi.

Karatuna bai wuce firamare ba. Daga nan aka kai ni koyon gyaran rediyo da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, wurin wani mutumin kudu da muke kira Oga Sunday, yanzu kuma ina da ɗan shagona kusa da Kasuwar Muda Lawal. Da na fara aiki, in ka buɗe na'ura komai a fili yake. Ga mai auna wuta a gefe, ga mai ba da lokaci a wani gefen, wanda ya ƙone ka narke dalma ka cire shi ka sa sabo. Na'urorin yanzu ba haka suke ba. A tsakiyar bod, wato allon da aka jera kayan cikin na'urar, akwai wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba, ƙafafunsa sirara kamar gashi. Shi ne ƙwaƙwalwar. Oga ya taɓa zaunar da ni ya zana mini shi a bayan kwali. Ya ce ban da wurin lissafi, an gina wasu ɗakuna a cikinsa. Akwai wanda yake auna ƙarfin wuta ya mai da shi lamba, sau da yawa kafin ƙiftawar ido. Akwai wanda yake kunna makunnan wuta yana kashewa a kan lokaci, da shi ake ƙara wa motar lantarki mai juya inji gudu ko a rage. Akwai mai kai saƙo zuwa gilashin da ke nuna rubutu. Akwai kuma wanda in wutar da ake ja ta wuce iyaka yake yanke komai, ba ya jiran umarnin ƙwaƙwalwar kanta.

Yana bayani ni kuwa goran Kaka nake gani. Ban gaya masa ba, kada ya yi mini dariya. Abin da yake ci mini rai tun ranar shi ne duk sun shige ɗaki guda sun kulle. Ba na iya sa mita a kan ɗaya daga cikinsu, ba na iya ciro shi na duba. Ina tsaye a waje ina sauraro, kamar matar nan.

A ranin da ya wuce Kawu Sale, autan Kaka, ya shigo shagona da akwatin famfonsa na sola a ɗaure a bayan babur. Yana da lambun tumatir da attarugu a Miri, kuma duk abin da ya mallaka ya zuba a rijiyar burtsatse da famfon da ke cikinta, wanda muke kira sumo. Akwatin shi ne yake karɓar wutar farantan sola ya juya famfon. Ya ce da safe ruwa yana zuwa lafiya, amma da rana ta take sai jar fitila ta kama, komai ya tsaya, ga tumatir ya fara fure.

Na buɗe, na share, na auna duk abin da ke aunuwa. Na haɗa shi da motar famfo ta gwaji da ke shago, ya yi ta juyi har la'asar ko tari bai yi ba. Na ba shi ya tafi. Ya dawo da shi. Na sauya wasu ƙananan kaya da ban ma tabbatar sun lalace ba, ya tafi, ya sake dawowa. Na riƙe akwatin a wurina ina gwadawa, na kasa cin abinci, ina kwance ina lissafin ƙafafun ɗan baƙin abin nan. Mu masu gyara a shago ake kawo mana aiki, haka aka koya mana, abin da ke kan tebur shi ne naka. Ga shi ban son barin shago, ban kuma son hawa babur a hanyar Miri.

Maƙwabtana masu gyara duk bakinsu ɗaya, wai na yi masa dairek. Abin da suke nufi shi ne a ɗauki guntun waya a tsallake wurin da ake auna wutar, yadda mai aunawa zai riƙa ganin komai lafiya, mai yankewa kuma ba zai sake motsi ba. Ana yin haka kullum a layinmu, wani lokaci a dace, wani lokaci a ga hayaƙi. Na ce ba zan yi ba.

Ranar da Kawu ya zo na ƙarshe, bai ko zauna ba. Ya ciro furen tumatir da ya kakkaɓe daga aljihunsa ya zuba mini a kan tebur. Ya ce ya ji akwai dabarar da ake yi, kowa ya iya sai ɗan yayarsa. Na ce masa ba ƙeta ba ce, in na toshe bakin mai cewa tsaya, famfon da akwatin duka za su ƙone. Don ya gane, sai na tuna masa goran Kaka da kakin zuma.

Ya dube ni, ga fushi ga dariya na neman kufce masa. Ya ce, "Kai ne za ka ba ni labarin uwata? Kai da ba ka taɓa zama ka ji ƙarshensa ba?"

Na ce ai goran ya fashe.

"Ya fashe, sai kuma me? Tsohuwar ta dawo ta tarar da matar tana kuka a kan ɓaraguzai. Ba ta yi mata faɗan kaki ba ko kaɗan. Tambaya ɗaya ta yi mata: duk kwanakin da yake cewa tsaya, kin taɓa leƙa rijiyar?"

Ya ce a labarin ruwa ne ya ja baya, gugan yana kwasar laka da yashi, nauyin ya fi ƙarfin igiya. Matar ta ɓata kwanaki tana magana da gora, rijiya kuwa tana gabanta. Yana cikin faɗa sai muryarsa ta yi ƙasa, domin shi ma bai ciro famfon ya duba ba, akwatin yake ta ɗaurowa a babur. Muka tsaya muna kallon juna, furen yana tsakaninmu.

Na rufe shago na hau bayansa, na riƙe rigarsa har Miri ina salati. Muka jawo sumo da igiya, mu biyu da wani maƙwabcinsa. Bakin famfon cike yake da yashi. Ruwan rijiyar ya ja baya, kuma da rana ta take faranta suna ba da wuta sosai, famfon ya ƙara gudu, ya zuƙe ruwan da ya taru ya fara jan yashi, ya shaƙe, ya ja wutar da ta wuce iyaka. Mai cewa tsaya bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Muka wanke famfon, muka ɗaga shi kaɗan daga ƙasan rijiya, na danna maɓallan akwatin na rage wa makaɗin sauri, yadda ba zai ja fiye da abin da rijiyar ke tarawa ba. Ruwa ya zo siriri, amma bai yanke ba har yamma.

Attarugun ya tsira. Tumatirin da ke can ƙarshen lambu, inda ruwa bai kai ba duk kwanakin da akwatin yake kan teburina, bai tashi ba. Da zan tafi, sai Kawu ya cika mini leda da ɗanyen attarugu ya ce na kai wa iyali. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina ɗaukar kaina a matsayin na huɗun nan, ina jin cewa in dai na hana a yi ganganci to na sauke nauyi. Har yanzu ba na yin dairek, ba kuma zan fara ba. Amma shi an kulle shi a cikin gora ne, kalma ɗaya aka ba shi. Ni ina da ƙafa, ina da ido, kuma Miri ba nisa. Haushin da nake ji ya kasu: ina jin haushin ɗan baƙin abin nan da ba ya buɗuwa, ina jin haushin Kaka, Allah Ya jiƙanta, da ba ta taɓa riƙe hannuna ta zaunar da ni ba, sai dai ta yi dariya ta ce a tsince gyaɗar da mijinta ya zubar.

A sanyin bana na ba 'ya'yana labarin a gaban kaskon garwashi. Da na zo wurin kakin zuma, sai na ga ƙaramarsu, wadda ta ɗauko halina kaf, ta fara janye jiki tana kallon ƙofar ɗakin uwarta. Na kama ƙafarta na ce ta zauna, baƙuwar ba ta tafi ba tukuna, sai tsohuwa ta dawo ta yi tambayarta sannan a rufe zaure.