Wanda ya daki motata a hanyar Babura

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Ina dawowa daga kasuwar Babura, wani ya daki motata ta baya. Gwaf! Fitila ta tarwatse. Na fito a fusace, shi kuma sai haƙuri yake bayarwa.

Na ce, "Malam, dakata in kira wakilin inshorata."

Ban taɓa ganin wakilin ba, ta waya muke komai. Ina kira, sai waya ta hau ƙara a aljihun mutumin nan!

Ya duba, ya dube ni. "Malam Sani? Kai ne?"

Na ce, "Madalla! To ina taka inshorar? Ita za ta biya."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi tawa ta ƙare."

Mutumin da kullum yake damuna in sabunta tawa! Yanzu haka muna wajen bakanike a Kazaure, yana ciniki yana gumi.