Laimar Kawu Sule

Duk wanda ya zauna a kasuwar Ose ta Anaca kafin 'yancin kai ya san Kawu Sule mai albasa, ƙanin mahaifiyata, ya kuma san laimarsa. Ko ruwa, ko rana, ko babu ko ɗaya, a buɗe take. Ita kaɗai mahaifinsa ya ba shi ranar da ya baro Kano, bai kuwa sake ganin tsohon ba. Kalma ɗaya ce ba a faɗa a gabanta: gyara.

Wata rana na ce, "Kawu, ka kai ta gyara mana."

"Kul, Hajara! Abin da ya ɓaci ake gyarawa. Wannan sabunta ta ake yi, kamar alwala, ko ba ta karye ba."

Haka fa aka yi ta sabuntawa. A Fatakwal mariƙin ya tsage, wani mahauci ya fafe masa ƙahon bijimi ya ɗora. A unguwar Asata ta Inugu iska ta lanƙwashe ƙarafan, maƙeri ya juya ta, ya ce, "Malam, wannan ai ta mutu."

Kawu ya ce, "Kai ka yi mata salla?"

Dole maƙerin ya ƙera sababbi.

Da bikin 'yancin kai, 'yan'uwansa masu albasa suka gaji da jin kunya, suka sayo masa sabuwa fil. Ya karɓa hannu biyu, ya sa albarka har da Fatiha. Washegari sai ga shi da tsohuwar, sanye da yadin sabuwar. Ya miƙa musu ƙwarangwal ɗin.

"Ga ragowar kayanku, kar a ce na ci amana."

Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙin sakandare, na ce, "Kawu, yadi sabo, ƙarafa sababbi, mariƙi na ƙaho, sandar ma ka sake. To, me ya rage na Kaka?"

Ya ɗaga laimar. Sannan ya matsa, ya jawo ni ƙarƙashinta.

"Inuwar," ya ce.

Ban ƙara tambaya ba.

Da ya rasu, ni aka ba wa. Jiya maigidana ya gan ta, ya ce tana son gyara, sai na ji bakina ya ce, "Kul!"

Allah ya jiƙan Kawu, ya sabunta masa rahama safe da yamma, ya haɗa shi da tsohonsa a inuwar da ba ta yagewa. Amin.