Manyan Tayoyi da Dawar Ƙetaren Rafi

Darona na wanka suka ɗauka, ba wanda ya tambaye ni. Na fito da hantsi na tarar da shi a ƙofar gida cike da fetur, ƙarafa masu haƙora a jiƙe a ciki, bakanike ya tsuguna yana dirje su da tsumma. Motar autana kuwa an ɗage bayanta, gefe ɗaya a kan jak, gefe ɗaya a kan turmina.

Ranar Laraba ce. Jibi Juma'a, ana saukowa daga masallaci, mai gari zai saki gonaki, makiyaya su shigo da shanu su ci kara. Tun makon jiya aka yi shela. Wanda ya bar amfaninsa a gona bayan nan, ba shi da bakin kai ƙara. Ni kuma dawata, dami arba'in da biyu, tana jibge a ƙetaren rafi, ta wajen hanyar Kunci.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, da ita yake kai wa mutane taki gona, da kaka ya kwaso amfani. Da damina cikinta ya riƙa gogar tudun tsakiyar hanya, inda amalanke ya ƙwaƙule gefe da gefe. Sai ya tafi birni ya dawo da wasu tayoyi huɗu, kowacce ta kusa kawo mini ƙugu. Cikin dai ya ɗagu. Amma ƙarfi ya tafi. In ta ɗau kaya ba ta hawa gaɓar rafi, sai kuka da ƙauri. Kuloci sau biyu yana ƙonewa.

Tun wuri na ce a kama mini amalanke. Ya ce, "Haba Inna, ɗanki da mota, a ga dawarki a bayan shanu?" Kafin ya sauko daga wannan girman kan, duk amalanken garin an riga an kama su, kowa yana tseren Juma'a.

Na ce da bakaniken, mutumin Bagwai ne, "Malam, me ka jiƙa mini a daro?"

Ya ce, "Hajiya, giyar da ke cikin tulun nan ce, na tsakanin tayoyin baya. An yi ta ne don ƙaramar taya. Ɗanki ya sa mata ƙafar raƙumi, ƙirjin kuma na jaki ne."

Autana ya ce, "Oga, yi aikinka, ban da wa'azi."

Bakaniken ya miƙo mini ƙananan ƙarafan biyu, tsoho da sabo, ya ce in ƙirga. Da tsufana na shiga ajin manya, amma ƙirga ba a aji na koya ba. Tsohon haƙori goma, sabon takwas. Ya ce to da sabon, inji zai juya da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Gudu zai ragu, ƙarfi ya dawo.

Na ce, "Gudun ina za mu? Sa mata."

Sai ya sosa ƙeya. Wai akwai irin tulun nan a gaba ma, shi ma sai an sauya masa, amma ya zaga birni bai samu na gaban ba, sai wani makon. Ya kama hannun autana ya kai shi kan wata guntuwar sanda kusa da giya, wadda in an ja ta ƙafa huɗu duka suke ja. Ya ce, "Wannan kar ka taɓa ta. Yanzu gaba da baya ba tafiyarsu ɗaya ba. Ka ja ta, faɗa za su yi, kuma wani sai ya karye."

Autana ya ce ya ji. Ni da na haife shi na san irin jin nan. Na yage bakin tsohon zanena na ɗaure sandar da shi tam, don hannunsa ya tuna.

Sai bayan la'asar suka gama. Turmina ya tsage. Daron har yau warin fetur yake.

Alhamis da sassafe muka tafi, ni a gaba. Babu kaya, ta ƙetare rafin lafiya. Rafin ya ƙafe, sai yashi, kuma mashiga ɗaya ce tal tsakanin gonakin mutane. Muka loda dami ashirin. Na ce ya isa, ya ƙara biyar.

Da dawowa ta taso da ƙarfi, har ya waigo ya ce, "Inna, kin ji murya?" A tsakiyar yashi tayoyin baya suka fara tono. Ya koma baya, ya dawo gaba, suka ƙara nutsewa. Na ga hannunsa ya sauka kan sandar nan.

Na ce, "Kai! Me mutumin nan ya ce maka?"

"A yashi ba komai, Inna. Taku goma ne."

Ya ja ta da tsumman da komai. A yashin kam ba komai, ta fito tana watsa shi. Sai dai bai tsaya ya mayar da sandar ba, wai kar ta rasa ƙarfin hawa. Tayoyin suna kama marmarar gaɓa, motar ta hau tsalle kamar akuya a turke. Na ji ƙau a ƙarƙashin ƙafata. Ta gangaro baya, ta zauna a bakin mashigar, baƙin mai yana tsiyaya.

Na gaji.

Ta toshe hanya, amalanke uku suka taru a bayanmu, masu su suna faɗar abin da ba zan rubuta ba. Da shanunsu aka janye ta gefe wajen azahar. Dami ashirin da biyar ɗin nan, da ka suka kai su gida, shi da matarsa da maƙwabta biyu, ni ina gadi. Ragowar yinin da safiyar Juma'a. Daga na gonar, shida kawai aka samu ɗaukowa.

Ina zaune a kan ragowar sha ɗayan da sandata lokacin da aka sauko masallaci. Na kori garken farko. Da yamma na biyu ya shigo ta gabas, wani dattijon makiyayi a bayansu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Inna, an saki gona fa."

Na ce na sani. Na zare zangarniya na zuba cikin zanena iya abin da zan iya ɗauka, na tashi na ba su wuri.