Takabar da ta wuce Zenabu

A zangon Ankara ta bakin teku, kusa da unguwar Tudu, kowa ya san Zenabu mai koko, mace mai kaifin baki da farin ciki. Idan ka zo da ƙwarya mai datti, sai ta wanke ka tas kafin ta wanke ƙwaryar, sannan ta ƙara maka ludayi. Mijinta Inusah fataken goro yake bi zuwa Salaga, lokacin da Turawa ba su daɗe da mayar da Ankara babban birninsu ba.

Wata shekara ayari ya dawo babu shi. Awudu, abokin tafiyarsa, ya ce zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, su biyu suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka rufe shi a gindin wata rimi. Na biyun, wani Mahama, ya zarce arewa.

Zenabu ta tsefe kanta, ta cire 'yan kunne, ta je gaban limamin zango don ta shiga takaba. Limamin, Malam Falalu, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron kuskure, na biyun ma ya fi yawa. Ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta kashe miji. Sai an samu biyu, sannan a yi takaba, a raba gado, a sake ta ta yi aure in tana so.

Haka ta zauna, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba. Ɗakin Inusah yana kulle, buzunsa da butarsa ba mai ikon taɓawa. In ta yi kuka a ce tana yi wa rayayye fatan mutuwa, in ta sa kwalli a ce ba ta da kunya. Duk ayarin da ya sauka sai ta kai musu koko kyauta, tana tambayar Mahama. Wallahi abin tausayi ne, bakin nan nata mai kaifi har ya mutu.

Bayan shekaru Mahama ya iso, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Ya rantse gaban liman, maganarsa ta zo daidai da ta Awudu.

Zenabu ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, gobe zan shiga takaba."

Malam Falalu ya dube ta, ya ce:

"Baiwar Allah, daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka tabbatar ba. Takabarki ta ƙare tuntuni. Babu komai a kanki."

Mata suka fara yi mata barka. Ita kuwa ba ta tashi daga tabarmar ba.

"To Malam," ta ce a hankali, "ni yaushe zan yi masa kuka?"